YUNWA BIYU: ƘURUCIYAR RICHARD WRIGHT

Mai karatu, akwai wani tsohon littafi a ƙasan akwatina wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, takardunsa sun yi ja kamar an jiƙa su da ruwan goro. A wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi na saye shi, kuma ba don na san marubucinsa ba, arha ce kawai ta ja ni. Sunan littafin Black Boy, wato Baƙin Yaro, wanda ya rubuta shi kuwa wani baƙar fatar Amurka ne mai suna Richard Wright. A daren da na fara karanta shi ban runtsa ba sai da aka kira assalatu. Tun daga ranar nake bin tarihin mutumin nan duk inda na ji an ambace shi, yau kuma na ce bari in ɗan gutsura maka abin da na sani game da ƙuruciyarsa, don ni dai a ganina a nan darasin yake.

An haifi Richard Wright ranar 4 ga watan Satumba, 1908, a wata gona kusa da garin Natchez da ke jihar Misisifi a kudancin Amurka. Kakanninsa duka huɗu cikin bauta aka haife su, domin sai a 1865 aka soke bauta a ƙasar baki ɗaya. Ka ga ke nan tsakanin yaron nan da bauta shekara 43 ce kacal. Mahaifinsa Nathan manomi ne da bai iya karatu ba, kuma ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. Irin noman nan yake yi wanda za ka nome gonar Bature, in kaka ta yi a raba amfanin, sannan mai gona ya cire kuɗin iri da na abinci da na ɗakin da kake kwana, kafin a gama lissafi sai ka tarar kai ake bi bashi. Mahaifiyarsa Ella ita ce mai ilimi, ta taɓa koyarwa a makarantar ƙauye. Su biyu ta haifa, Richard da ƙanensa Leon wanda aka haifa a 1910.

Abu na farko da ya ce yana iya tunawa a rayuwarsa shi ne gobara, kuma shi ya tayar da ita. Yana ɗan shekara huɗu, kakarsa na kwance ba lafiya, an hana yara ko tari mai ƙarfi. Zaman shiru ya ishe shi, sai ya shiga zare tsinken tsintsiya yana cusawa a murhu yana kallon yadda yake ci. Daga nan ya ce bari ya ga yadda labule zai yi in wuta ta taɓa shi. Kafin ka ce kwabo ɗaki ya kama. Tsoro ya sa ya ruga ya ɓuya a ƙarƙashin gidan da ke cin wuta, har iyayensa suka ɗauka ya ƙone. Da aka zaƙulo shi da rai, uwarsa ta yi masa dukan da sai da ya suma, ya kwanta zazzaɓi kwana da kwanaki. Ya ce abin da ya daɗe yana damun sa shi ne sanin cewa saura ƙiris uwar da ta haife shi ta kashe shi.

Daga nan iyalin suka koma birnin Memfis a jihar Tenesi, uban ya samu aikin dare a wani kantin magani. Da rana barci yake yi, gida kuwa dole ya zama kamar maƙabarta. Wata rana wata 'yar kyanwa ta dame shi da kuka, cikin fushi ya ce a kashe ta ko a yi duk yadda za a yi da ita. Richard ya san sarai uban ba da gaske yake ba, amma ya ɗauko igiya ya rataye kyanwar, don ya nuna wa uban cewa magana zarar bunu ce, kuma ba zai iya dukan sa a kan umarnin da ya bayar da bakinsa ba. Uwar ce ta hukunta shi ta wata hanya dabam. Ta sa shi ya fita cikin duhu shi kaɗai ya haƙa rami ya binne kyanwar, ya kuma roƙa gafara. Wannan labari ba na jin daɗin sa, shi ma da ya rubuta bai yi ƙoƙarin wanke kansa ba, abin da ya sa na yarda da sauran abin da ya faɗa ke nan.

Yana wajen shekara shida uban ya bi wata mace ya bar gida. To, a nan yunwa ta farko ta shigo. Ya ce tun daga lokacin duk sanda cikinsa ya murɗa sai ya tuna ubansa da ɗaci, har yunwa da uba suka zama abu ɗaya a zuciyarsa. Uwar ta kama aikin girki a gidajen Turawa. Wani lokaci takan tafi da yaran, su tsaya a lungun kicin suna kallon ana wucewa da abinci zuwa tebur, suna jiran ko za a rage. Ta kai ƙarar mijin kotu don ya riƙa ciyar da 'ya'yansa, ya tsaya gaban alƙali yana murmushi ya ce iyakar ƙoƙarinsa yake yi, alƙali ya yarda da shi. Daga baya ta tasa Richard suka je wurinsa neman kuɗin mota, suka same shi da sabuwar matar a bakin wuta, ya ciro sulalla guda ta santi biyar ya miƙa wa yaron yana dariya. Richard ya ƙi karɓa, ga kuwa yunwa na cin sa.

Rayuwar titi ta karɓe shi. Uwa na wurin aiki, ba mai lura da shi, sai ya riƙa leƙen wata mashaya, mashayan suka ja shi ciki suna ɗura masa giya suna ba shi 'yan kwabbai ya maimaita maganganun batsa su yi dariya. Yaro ɗan shekara shida fa! Amma a wannan tsakanin ne kuma wani mai kawo gawayi ya zauna shan ɗumi a ɗakinsu ya koya masa ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari, uwar kuma ta riƙa zaunar da shi da tsofaffin jaridu har ya fara haɗa baƙi. Ita ce dai ta aike shi kanti, yaran unguwa suka tare shi suka ƙwace kuɗin, ta sake ba shi suka sake ƙwacewa. A karo na uku sai ta haɗa masa da sanda ta rufe ƙofa, ta ce kada ya dawo sai da cefane. Ya fita yana kuka, ya dawo da cefanen, daga ranar ba wanda ya ƙara tare shi. Da talauci ya kai maƙura ta kai su gidan marayu na wani ɗan lokaci, ya taɓa gudu daga can ɗan sanda ya mayar da shi.

A 1916 suka tafi garin Elaine a jihar Akansas wurin ƙanwar uwarsa Maggie. Mijinta Silas Hoskins yana da mashaya mai ciniki, baƙaƙen fata ma'aikatan injin katako su ne masu saye. A gidan nan ne Richard ya fara ganin abinci ya wadata har a bar saura. Allah Sarki, saboda bai yarda gobe ma za a samu ba, sai ya riƙa satar burodi daga tebur yana cusawa a aljihu yana ɓoyewa a lungunan gida. Daɗin bai daɗe ba. Wasu Turawa suna ƙyashin cinikin Hoskins, sun sha yi masa kashedi ya bar garin. Wata rana ya fita bai dawo ba, cikin dare wani yaro ya zo a guje ya ce an harbe shi, kuma an ce za a bi danginsa. Ba jana'iza, ba ganin gawa, ba maganar gado. Cikin daren suka ɗaure kaya suka gudu. Kada mai karatu ya ɗauka wannan wani abin mamaki ne a can, a garin nan na Elaine ne aka yi wa baƙaƙen fata kisan gilla a 1919 don kawai manoma sun taru suna neman a biya su kuɗin audugarsu da gaskiya.

Ba a daɗe ba uwar ta gamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki, ciwon da bai ƙara barin ta ta miƙe sosai ba. Dangi suka raba yaran. Aka kai Richard wurin kawunsa Clark a Greenwood, gida mai tsafta da abinci, amma da ya ji cewa gadon da yake kwana a kai wani yaro ya mutu a kansa, barci ya ƙaurace masa har sai da aka mayar da shi Jackson, babban birnin Misisifi, gidan kakarsa ta wajen uwa.

Wannan kaka, Margaret Wilson, ta cancanci a tsaya a kanta. Fatarta fara ce sol kamar Baturiya, amma a dokar wurin baƙar fata ce, kuma baiwa aka haife ta. Tana bin ɗariƙar Kiristocin nan masu tsarkake ranar Asabar, Seventh-day Adventist, kuma ta riƙe abin da ƙarfi. A gidanta duk wani labarin da aka ƙaga ƙarya ne, ƙarya kuwa aikin Shaiɗan. Akwai wata malamar makaranta da ta taɓa haya a gidan, Richard ya dame ta da tambayar abin da take karantawa, ta ja shi gefe tana raɗa masa labarin wani mugun attajiri mai kashe matansa. Ya ce ji ya yi duniya ta sake kama a idonsa. Ba a kai ƙarshen labarin ba kaka ta fito ta katse su, ba da jimawa ba kuma malamar ta tattara kayanta ta bar gidan. Yunwa ta biyu ke nan, kuma ita ce wadda ta fi ta farko daɗewa a jikinsa.

A nan dole in ɗan sako kaina, domin wurin nan ya taɓa ni. Ni ma na tashi a gidan da ake ganin littafin hira ɓata lokaci ne da ɓata tarbiyya. Na sha ɓoye littafin haya a cikin littafin lissafi, akwai kuma ranar da wani babba a gidanmu ya kama ni ya jefa littafin cikin murhu, na yi sati biyu ina tara kuɗin tara kafin na biya mai hayar. Na daɗe ina riƙe da mutumin nan a raina. Sai da na karanta labarin kakar Richard na fara sassautawa. Matar nan ta ga bauta da idonta, ta san cewa a Misisifi baƙin yaro mai yawan tambaya da mafarki ba ya tsufa. Tsoro ne ya sa ta zama haka, ko da yake tsoron nata ya kusa kashe abin da Allah Ya ajiye a cikin jikanta. Ban ce ta yi daidai ba, amma na daina ganin ta a matsayin muguwa.

Mijinta Richard Wilson, wanda aka sa wa yaron sunansa, ya gudu daga bauta ya shiga rundunar Arewa a ƙarshen yaƙin basasar Amurka. Har ya mutu yana rubuta wa gwamnati takarda yana neman fanshonsa ba a ba shi ba, saboda wanda ya rubuta sunansa a takardar soja ya yi kuskuren harafi, shi kuwa bai iya karatu ba balle ya gyara. Ina jin yaron ya ga abin da rashin iya karatu ya jawo wa kakansa.

Sai a 1921, yana shekara goma sha biyu zuwa sha uku, ya fara zaman makaranta na sosai ba yankewa. Aka sa shi aji biyar, cikin mako biyu aka ɗaga shi zuwa aji shida. Ba shi da kuɗin tara, in an fita sai ya ce wa abokansa ba ya jin yunwa, ya zagaya ya kafa baki a famfo ya cika ciki da ruwa. Kaka ta hana shi aiki ranar Asabar, ranar da sauran yara ke samun 'yan kuɗi, sai da ya yi barazanar barin gida sannan ta ƙyale shi. Ya taɓa sayar da wata jarida don kawai ya riƙa karanta labaran da ke shafin bayanta, bai taɓa duba gabanta ba, sai da wani dattijo ya zaunar da shi ya nuna masa cewa jaridar tana yaɗa manufar Ku Klux Klan ce, ƙungiyar da ke kashe irinsa. Kunya ta kama shi, bai ƙara ɗaukar ta ba.

Yana shekara goma sha biyar ya rubuta gajeren labarinsa na farko, wata jaridar baƙaƙen fata ta garin mai suna Southern Register ta buga shi a 1924. Ba a biya shi ko sisi ba. Abokansa suka ce kwafa ya yi, kaka ta ce ƙaryar Shaiɗan ce, uwarsa ta ji tsoro kada mutane su ce yaron ba shi da cikakken hankali ya rasa aiki. In ka cire editan jaridar, ba mutum ɗaya da ya ce masa madalla. A 1925 ya gama aji tara shi ne na ɗaya, aka zaɓe shi ya yi jawabin ban-kwana. Shugaban makarantar ya kira shi ya miƙa masa jawabi rubutacce, don akwai Turawa cikin manyan baƙi, ya kuma nuna masa cewa in ya bi za a iya ba shi aikin koyarwa. Richard ya ce nasa zai karanta, nasa kuwa ya karanta. Iyakar karatunsa na makaranta ke nan, in ban da 'yan makonni da ya yi a babbar sakandare kafin neman abinci ya fitar da shi.

Aiki wurin Turawa ya zame masa wata makarantar. Abokinsa ya taɓa jan sa gefe ya ce masa matsalarsa ita ce yana kallon Bature kamar mutum yana kallon mutum. Ya samu shiga wani kamfanin yin tabarau, mai kamfanin ɗan Arewa ne mai son ya koya masa sana'ar, amma ma'aikata biyu farar fata suka ƙi, suka ƙulla masa sharrin cewa ya kira sunan ɗayansu gatsau ba tare da girmamawa ba, suka tsorata shi har ya bar aikin. Daga nan ya yanke cewa zama a Jackson ba nasa ba ne. Ba na ɓoye maka, kuɗin tafiyar ba duka na halal ba ne. Ya haɗa baki da wasu a gidan siliman da yake karɓar tikiti suna sake sayar da tikitin da aka riga aka saya, ya kuma saci wasu kaya ya sayar. Da bakinsa ya faɗa, ya ce bai ƙara sata ba har abada. A Nuwamban 1925 ya hau jirgin ƙasa zuwa Memfis yana shekara goma sha bakwai.

A Memfis ne abin da ya fi burge ni ya faru. Yana aiki a wani kamfanin tabarau, a 1927 sai ya ga jarida tana zagin wani marubuci Bature mai suna H. L. Mencken. Ya yi mamaki, shi dai a saninsa baƙar fata kaɗai ake zagi haka a Kudu, to me wannan ya yi? Yana son ya karanta, amma laburaren garin ba ya ba baƙar fata aron littafi. Ya dubi Turawan wurin aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wani ɗan asalin Ailan mai bin Katolika, wanda su ma sauran ba sa ƙaunar sa. Mutumin ya ba shi katinsa a asirce. Richard ya zauna ya rubuta 'yar wasiƙa da sunan mai katin, yana cewa a ba yaron nan littattafan Mencken, kuma da gangan ya kira kansa da mummunan sunan nan da Turawa ke kiran baƙar fata, don kada a yi zargin shi ya rubuta. Ya tsaya gaban matar laburaren, hula a hannu, kai a sunkuye, ya yi kamar bai san baƙi ba. Ta ɗan yi shakka, sannan ta miƙo littattafai biyu.

Mai karatu, tsaya ka auna wannan. Yaro ya zagi kansa a rubuce, ya yi kamar jahili, don a ba shi littafi. A daren ya gano cewa ashe ana iya yin faɗa da alƙalami kamar yadda ake yi da kulki. Sunayen marubutan da ya gani a ciki ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya da wasiƙun ƙaryar nan, Sinclair Lewis da Theodore Dreiser da sauransu, yana naɗe littafi cikin jarida in zai tafi aiki. Karatun bai kawo masa kwanciyar hankali ba, sai ma ya ƙara masa nauyi, domin yanzu ya san abin da aka hana shi. A ƙarshen 1927 ya bi sahun dubban baƙaƙen fata da ke ƙaura zuwa Arewa, ya tafi Shikago.

Sauran tarihin sananne ne, zan taƙaita. Ya yi wanke-wanke, ya yi aikin gidan waya, ya shiga jam'iyyar Kwaminis daga baya ya fita. Ya koma Niyok a 1937, ya fitar da tarin labarai Uncle Tom's Children a 1938, sannan Native Son a 1940, wanda aka sayar da fiye da kwafi dubu 200 cikin mako uku. Black Boy ya fito a 1945, har wani sanatan Misisifi, Theodore Bilbo, ya tashi a majalisa yana la'antar sa. Sunan da Wright ya so ya sa wa littafin tun farko shi ne American Hunger, wato Yunwar Amurka, kuma da wannan suna aka buga kashi na biyu a 1977. Ya bar Amurka ya zauna a Faransa daga 1947. A 1953 ya zo Gold Coast, Ghana ta yau, ya ga gwagwarmayar Kwame Nkrumah, ya rubuta Black Power. Ya rasu a birnin Faris ranar 28 ga Nuwamba, 1960, yana da shekara 52.

Akwai abu ɗaya da na ajiye sai ƙarshe. A 1940, bayan ya yi suna, ya koma Misisifi ya nemi ubansa, shekara ashirin da biyar rabonsu da juna. Ya same shi tsaye a gonar wani, tsoho, ba haƙora, da fartanya a hannu, ya koma inda ya faro. Ya ga kamanninsa a fuskar tsohon, ya ji muryarsa a muryarsa, amma ba su da abin da za su ce wa juna. Ya ce a nan ya yafe masa, ya kuma ji tausayin sa. Duk sanda na zo wurin nan nakan rufe littafin in yi shiru. Jini ɗaya ne, ƙasa ɗaya, talauci ɗaya, uwa mai haƙuri da tsofaffin jaridu da katin aro suka raba hanyarsu.

Ni yanzu ina da 'ya'ya, kuma rannan na kama kaina na ɗaga murya zan ƙwace littafin hira daga hannun 'yata don ba ta gama shara ba. Hannuna na sama na tuna murhun gidanmu, na tuna malamar da aka kora daga gidan kaka ba ta ƙarasa labarinta ba. Na sauke hannu na ce, "Uwata, ƙarasa shafin, sannan ki ɗauki tsintsiya." Da dare kuma na zauna na ce ta ba ni labarin abin da ta karanta. In akwai irin wannan yaro a gidanku, mai karatu, ka duba abin da yake karantawa, ka gyara masa in da gyara, amma don Allah kada ka jefa a wuta.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.